Rumours na Fleetwood Mac: ɓacin rai ne ya ɗaga shi ko gwaninta?

Mai buɗe muhawara:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita game da kundin waƙoƙin Rumours na ƙungiyar mawaƙa ta Fleetwood Mac, wanda ya fito a watan Fabrairun 1977, kuma ina so in ji ta bakin manyanmu da suka riga mu sauraron irin wannan kiɗa. A ganina, abin da ya ɗaga kundin sama da takwarorinsa shi ne ɓacin ran da 'yan ƙungiyar su biyar suke ciki lokacin da suka shiga sutudiyon Record Plant da ke Sausalito a jihar Kalifoniya a 1976. Auren John McVie mai jitar bes da Christine mai fiyano ya mutu, har ta kai ba sa magana da juna sai a kan aiki. Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, waɗanda suka shigo ƙungiyar tare a ƙarshen 1974 suna masoya, su ma sun raba gari, shi kuma Mick Fleetwood mai ganga gidansa yana tangal-tangal. Sai kowa ya zuba abin da ke cinsa a cikin waƙa, kamar yadda kishiyoyi ke habaici a bakin turmi, kuma wanda ake yi wa habaicin shi ne zai kaɗa jita ko ya karɓi amshi. Idan aka cire wannan, abin da zai rage kundi ne mai daɗi irin waɗanda aka yi da yawa a shekarun 1970 aka manta da su.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ban yarda da kai ba. Mawaƙan da aurensu ya mutu a wancan zamani ba su ƙirguwa, amma nawa ne cikinsu suka fitar da kundin da ya yi mako 31 a saman jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978, aka kuma sayar da kwafi sama da miliyan 40? Har yanzu ina tuna yadda nake zaro faifan daga kwalinsa, in goge shi da ƙyalle mai laushi, in juya shi gefe na biyu in ɗora allura, sai "The Chain" ta fara da bugun ganga ɗaya-ɗaya. Wannan waƙa ita kaɗai ce a kundin da ke ɗauke da sunayen su biyar, domin daga guntaye aka haɗa ta: wani yanki daga wata waƙar Christine da ba a kammala ba, baitoci daga Nicks, ga kuma layin bes ɗin John da ke shigowa kusa da ƙarshe, wanda BBC ta yi shekaru tana buɗe shirin tseren motoci na Formula One da shi. Wannan aikin zama ne da yanka da liƙa, tare da Ken Caillat da Richard Dashut da suka tsaya a kan na'urori. Sun maimaita sauraron tef ɗin har ya fara lalacewa, sautin ganga ya dushe, dole suka koma kan kwafin ajiya. Mutumin da fushi kaɗai ke jansa ba zai iya wannan haƙuri na watanni ba.

Malama mai koyar da adabi:
Baba, na goyi bayanka, amma ku duka biyu kun tsallake wadda nake ganin ita ce ginshiƙin kundin. Cikin waƙoƙi 11, Christine McVie ce ta rubuta huɗu, Buckingham uku, Nicks uku, sai ta haɗin gwiwa guda. Ƙanena, ka koma ka saurari nata da kunnen basira, ka gaya mini inda ɓacin ran yake. "Don't Stop" lallashi ce ga mijin da ta rabu da shi, tana ƙarfafa masa gwiwa ya dubi gaba, kuma saboda wannan haske nata ne Bill Clinton ya ɗauke ta a yaƙin neman zaɓensa na 1992. "You Make Loving Fun" murna ce tsantsa ta macen da ta samu sabon masoyi. "Songbird" kuwa, wadda aka ɗauka a zauren Zellerbach na jami'ar Berkeley, tana zaune gaban fiyano a zauren da babu 'yan kallo, kusan addu'a ce. Da kundin ya cika da zafin Buckingham da Nicks kaɗai, da mai sauraro ya gaji tun kafin ya juya faifai. Tun da ta rasu a Nuwamban 2022 nake jin ciwon yadda labarin rikicin waɗancan biyu ya danne sunanta.

Mai buɗe muhawara:
Yaya, ba na musun darajar Christine, amma ina nan a kan bakana. Mutanen nan biyar su ne suka yi kundin 1975, da hannuwansu da muryoyinsu, su ne kuma suka yi kundin Tusk a 1979, amma babu wanda ya kamo ƙafar Rumours. Gwanintarsu ɗaya ce a duka ukun, halin da suke ciki ne ya bambanta. Ki dubi "Go Your Own Way" da "Dreams", waɗanda suke amsa wa juna a gefe guda na faifai. Nicks ta nemi Buckingham ya cire wani baiti da take ganin ƙazafi ne a kanta, ya ƙi, kuma haka ta riƙa tsayawa kusa da shi a dandali tana yi masa amshi shekara da shekaru. Kunnen mai sauraro yana jin wannan ko da bai san labarin ba.

Ɗalibi a jami'a:
Ina neman afuwar manya in sa baki. Ni a 2020 na fara jin "Dreams", a wani bidiyon TikTok na wani mutum da ke tafiya a kan allon taya yana shan ruwan 'ya'yan itace, bidiyon da ya mayar da waƙar cikin jerin waɗanda aka fi saurara a Amurka bayan shekara 43. A lokacin ban san ko su wane ne suka yi ta ba, Turancin ma ba duka nake kamawa ba. Abin da ya riƙe ni shi ne gangar da ke tafiya a natse ba gaggawa, da yadda jitar ke shigowa a hankali kamar numfashi, da muryoyi uku da ke haɗuwa a amshi. Sai daga baya na karanta tarihinsu, kuma gaskiya bai ƙara mini son waƙar ba.

Tsohon ma'aikacin gidan rediyo:
Madalla da wannan yaro. Ɗana, misalin Tusk da ka kawo ni yake taimaka wa, domin a 1979 rigimarsu ba ta kwanta ba, sai ma abin da ya ƙaru. Buckingham ne ya ƙi maimaita salon Rumours da gangan, ya bi sabbin kaɗe-kaɗen da ke tashe a lokacin, aka fitar da faifai biyu masu tsada da wuyar shiga kunne. Sannan ka lura da "I Don't Want to Know": Nicks ta rubuta ta tun kafin su shiga Fleetwood Mac, lokacin da babu wannan rabuwa, amma ta zauna daram a cikin kundin, babu mai jin ta a matsayin baƙuwa.

Malama mai koyar da adabi:
Baba, tun da ka ambaci wannan waƙa, ya kamata a faɗi wadda aka ture domin ta samu wuri. "Silver Springs" ita ce waƙar da Nicks ta fi zuba zuciyarta a ciki, amma aka cire ta saboda tsawonta ya fi ƙarfin gefen faifai, aka maƙala ta a bayan ƙaramin faifan "Go Your Own Way", ba da son ranta ba. Wannan ya nuna cewa a ranar yanke hukunci lissafin mintoci da tsarin kundi suka bi, ko da zai ɓata wa ɗayansu rai. Duk da haka, ƙanena, a nan ina ba ka gaskiya kaɗan, domin duk wanda ya kalli yadda ta rera ta a wasan The Dance na 1997, ta juyo ta kafa wa Buckingham ido har ƙarshen baiti, ya san akwai abin da ya wuce gwaninta a wurin. Ni dai bugun Rumours na 2004 nake saurara, wanda aka mayar da ita ciki, kuma ina so in ji ko Baba yana ganin shigarta ta gyara tafiyar kundin ko ta rage masa armashi.