Tasha, kafa ko mashigi? Wanne ya dace da "channel" na ADC

Ina fassara bayanin yadda ake tsara allon na'ura a Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai na tsaya cak a kan kalmomi uku da suka shafi ADC: current input channel. ADC dai ba ta ba ni wahala ba, ƴar na'urar nan ce da ke karɓar sigina mai hawa da sauka ta mayar da shi lambobi, mai bit 12 tana raba ma'auninta gida 4096. Sunan nata na bar shi yadda yake. "Channel" ɗin ne ya ƙi zama.

Abin da ya fara zo mini shi ne tasha, saboda rediyo da talabijin. Amma tasha wuri ne da ake tsayawa ko ake watso abu daga cikinsa, wannan kuwa karɓa yake yi. Na ajiye ta.

Wani mai gyaran lantarki ya ce mini a bar wahala, a ce ƙafa, tunda haka suke kiran ƴan ƙarafan da ke jikin IC, wato ƴar guntuwar na'urar da ake liƙawa a allon lantarki. Na so in yarda, sai na tuna wata ADC mai suna ADS1115 ta kamfanin Texas Instruments. Ƙafafun shigarta huɗu ne. In ka ga dama kowace ƙafa ta zama channel guda, in ka ga dama ka haɗa su bibbiyu a auna bambancin da ke tsakaninsu, ka tashi da guda biyu kacal. Ashe ƙafa daban, channel daban. Sai wani ya ce to kafa, marar lanƙwasa, irin ta kafar yaɗa labarai. Ma'anar ta yi kyau ƙwarai, amma ku dubi yadda muke rubutu a waya: mutum nawa ne ke sa lanƙwasar ƙ? Kafa da ƙafa za su koma abu ɗaya a takardar da bambancinsu shi ne dukkan zancen.

Ni dai na tsaya a kan mashigi, jam'i mashigai. Inda abu ke bi ya shiga, ko ta ƙafa ɗaya ko ta biyu.

Inda aikin yake shi ne "current". A bakinmu komai wuta ne, kuma "ƙarfin wuta" na ɗaukar volt da amfiya gaba ɗaya. A hira ba laifi, a fayil ɗin tsari kuwa ɓarna ce, domin yawancin ADC ba sa ganin amfiya ko kaɗan, volt suke aunawa. Dabarar ita ce a bi da wutar ta cikin resisto, ɗan abin da ke rage wa wuta hanya, wanda aka san ƙimarsa da ma'aunin om, a auna volt ɗin da ya bayyana a bakinsa biyu, a raba da ƙimar, bisa dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827. Ɗauki layin 4 zuwa 20 miliamfiya da masana'antu ke amfani da shi. In ka sa resisto mai om 250, miliamfiya 4 za ta ba ka volt 1, miliamfiya 20 ta ba ka volt 5. An fara daga 4 ne da gangan, don in waya ta tsinke a ga sifili a gane matsala ce, kada a ɗauka ma'aunin ne ya sauka ƙasa.

ADC ba ta san duk wannan ba. Bishiyar na'urori, fayil ɗin da ke gaya wa Linux abin da ke kan allo, ita ke faɗa cewa mashigi kaza yana bayan resiston awo, ta rubuta ƙimarsa a layin shunt-resistor-micro-ohms. Daga nan ne za ka ga fayil ɗin karatun amfiya, in_current0_raw, ya fito a Linux maimakon na karatun volt, in_voltage0_raw, kaɗai. A lura, da maikro-om ake rubutawa: om 250 shi ne 250000000. Ka manta sifili uku, karatunka ya ninku sau dubu, kuma babu abin da zai yi maka ƙorafi.

Saboda haka dole kalmomin su rabu. Shawarata: matsi ga abin da volt ke aunawa, kwarara ga abin da amfiya ke aunawa. An kawo mini "gudu", amma gudu sauri yake nunawa, amfiya kuwa yawan abin da ke wucewa ne a kowace daƙiƙa. Kwarara ta fi kama wannan.

Ga yadda na rubuta jimlar a fassarata: "Wannan ADC tana da mashigan matsi takwas da mashigan kwarara huɗu, a bayyana ƙimar resiston awo na kowane mashigin kwarara a bishiyar na'urori." Na karanta wa mai gyaran nan, bai tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba, sai dai ya ce shi a shagonsa ƙafa zai ci gaba da cewa.