Yadda za a koyar da haƙƙin ɗan Adam da ci gaba mai ɗorewa: taƙaitattun shawarwari

Waɗannan shawarwari sun fito ne daga wata tattaunawa da aka yi kan ƙuduri na 4.7 cikin muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, wanda ke neman kafin 2030 kowane ɗalibi ya samu ilimin ci gaba mai ɗorewa, haƙƙin ɗan Adam, daidaito tsakanin maza da mata da zaman lafiya.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce kada a ware wannan ilimi ya zama darasi guda da ake haddacewa don jarrabawa. A cusa shi cikin darussan da ake da su: malamin lissafi ya sa yara su auna ruwan da makaranta ke ɓarnatarwa a mako, malamin tarihi ya kawo Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, mai sassa 30, a karanta sashe na 26 da ya ce ilimi haƙƙin kowa ne. A ganina nan gizo ke saƙar, domin malamin da ba a horar ba zai karanta wa yara takarda ne kawai ya wuce. Shi ya sa da dama suka nace a fara da horar da malamai.

Wasu sun ja hankali kan halin makarantar kanta. Ba a koyar da daidaito a ajin da 'yan mata ke shara kullum, maza na shugabanci.

An kuma taɓo batun iyaye a gurguje: a sanar da su abin da ake koyarwa tun farkon zango, kuma a yi darasin da harshen da yaro ke ji.