Dutsen lantarki a sanyin Jos: ɗumi ne ko ƙuna?

Mai Kunkuru: Salamu alaikum jama'a. Hunturu ya kama, kunkuruna kwana huɗu ko ganyen latas bai kalla ba. Ƙanina ya aiko min da dutsen nan mai waya da ake jonawa ya yi ɗumi. Wani ya ce kar in kuskura in sa masa. Ni dai ban ga aibinsa ba.

Ɗan Bukuru: Jona abinka Malam. Ƙadangarun duwatsun Shere tun safe suke shanya ciki a kan dutse, wa ya taɓa kai su asibiti?

Likitan Dabbobi: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Ƙadangare rana yake sha ta baya, dutsen da ya kwanta a kai kuwa da inuwar jikinsa ta rufe shi sai ya fara hucewa. Na lantarki ba ya hucewa, waya ce a ciki tana ta hura zafi, kuma ba daidai take rabawa ba: nan ɗumi, can kamar kaskon masa. Ga shi ɗakin sanyi ƙalau, dabbar ba ta da wata mafaka, sai ta lafe tana jiran jikinta ya ɗumama, ciki yana dahuwa ba ta tashi ba. Mesa ma haka, sai an juya ta a ga fatar cikinta ta yi ja ta kumbura.

Ɗan Bukuru: To kunkuru ai da sulkensa yake yawo.

Likitan Dabbobi: Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya. Yana ƙonewa, warkewarsa kuma sai a yi watanni.

Anti Rayfield: Ni na gani da idona. Ƙadangaren Ostareliya mai gemu da ɗana ke kiwo, dare ɗaya aka kawo wuta da ƙarfi, da safe ƙasan cikinsa ya yi baƙi. Har Vom muka je neman likita. Kuɗin magani ya ninka na dutsen, ban da kukan yaro.

Ɗan Bukuru: Allah ya kyauta Anti, amma wannan laifin wuta ne. A sa masa na'urar daidaita zafi mana.

Likitan Dabbobi: Za ta rage, sai dai wuri ɗaya take aunawa. Kuma dutse ba ya ɗumama iska, ita ce damuwar Jos a Disamba da Janairu. Malam, rataya kwan fitila mai zafi daga sama a gefe guda, inda ba zai taɓa ba. Ƙarƙashinsa ya kai digiri 32 zuwa 35, ɗaya gefen a bar shi da sanyi-sanyi ya zaɓa da kansa. Ka sayi ma'aunin zafi, tafin hannu ba ma'auni ba ne.

Mai Kunkuru: Dutsen fa, in jefar? Kyauta ce.

Likitan Dabbobi: Yanke wayar, ka ajiye shi ƙarƙashin kwan.

Ɗan Bukuru: Ashe dai kun dawo kan dutsena na Shere.

Anti Rayfield: Naka ba shi da waya, Ɗan Bukuru.