Wa ya taɓa jan karaban daga Adelaide zuwa Darwin?

Ɗalibi a Adelaide: Assalamu alaikum. Hutun Yuli ni da abokaina biyu muna so mu yi hayar karaban, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, mu ratsa tsakiyar Ostireliya ta Stuart Highway har Darwin, kusan kilomita 3,000. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Makanike a Port Augusta: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara cire hanyar Kano zuwa Kaduna daga ranka. A gida in mai ya ƙare ga 'yan bumburutu da galan a bakin titi, in taya ta yi faci ga mai faci a gindin bishiya. Can ba kowa. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy wajen kilomita 250 ne babu gidan mai. Na wuce Glendambo tanki ya ɗan haura rabi, na ce ai zai kai ni. Na manta akwai karaban a baya, ga iska tana bugowa ta gaba. Mota ta dinga shan mai kamar an huda tankin. Saura kilomita 30 fitila ta kama. Na kashe esi, na koma tafiyar hawainiya, uwargida sai salati take yi. Mun dai shiga gari da ƙyar. Tun ranar ban sake wuce gidan mai ban cika ba, komai tsadarsa, kuma jarka biyu ba sa rabuwa da ni.

Nas a Alice Springs: Malam ya faɗi gaskiya. Nawa ƙarin: rana ta yi ja, ku nemi wurin kwana. Da magariba da asuba kangaru ke fitowa, ga shanu, don wurare da dama ba shinge. Kuma kada sunan hamada ya ruɗe ku. A Yuli da daddare ma'aunin zafi a nan yakan sauka zuwa sifiri. Daren farko da ruwan buta na yi alwala, sai da yatsuna suka sandare. In mota ta lalace ku zauna kusa da ita, kada wani ya ce zai taka neman taimako. Daga sama an fi saurin hango mota a kan mutum.

Maman 'yan biyu: Mu kam maigida ya nace sai mun bi Oodnadatta Track, daga Marree zuwa Marla, fiye da kilomita 600 ba kwalta. Hanyar ta yi ƙunya-ƙunya kamar kwanon rufi. Da muka tsaya na buɗe karaban, sai na iske ƙofar kabad ta ɓalle, manja ya kife cikin garin tuwo, jan ƙura ta lulluɓe har matasan kai. Na zauna a bakin ƙofa ina kuka, yara na dariya. Amma ban yi nadama ba, saboda Marree. Akwai ɗan masallacin laka da rufin ciyawa, wanda aka sake ginawa don tunawa da Musulmi masu raƙuma, 'yan Afganistan da maƙwabtansu, da suka yi dakon kaya a dajin nan tun ƙarni na 19. Jikokin raƙumansu na nan suna yawo ba mai su, mun ga wasu daga nesa. Af, ku duba alƙibla a waya tun kuna da sabis. Maigida ya saba da gabas, a nan kuwa yamma ce maso arewa.

Makanike a Port Augusta: Hajiya, da an rage iskar taya da girgizar ta yi sauƙi. Ƙanena, na manta tirelolin nan masu jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu ya kai mita 53. Ku riƙe rediyon oba-oba na UHF a tasha ta 40, direban zai gaya muku lokacin da za ku wuce shi.

Ɗalibi a Adelaide: Allah ya saka da alheri. Na duba takardar haya yanzu, sun hana bin hanyar da ba kwalta, ke nan mu Oodnadatta sai wani jiƙon. Anti nas, bargo nawa za mu ɗauko?

Nas a Alice Springs: Kowa biyu, da safa. In kun iso Alice ku yi magana, akwai tuwo.