Ina kiran Haskell daga cikin C, karo na biyu sai manhajar ta mutu

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin harsunan rubuta manhaja na Haskell da C ku taimaka man. Kawuna hatsi yake saidawa nan cikin Katsina, akwai wata tsohuwar manhaja da aka rubuta mai da C, ita ke karanta nauyi daga sikeli ta buga rasit. Ni kuma lissafin bashi da ragin da ake ma dillalai da Haskell na rubuta shi don wallahi ya fi man sauƙin kama kuskure, kuma ban son taɓa ɓangaren C ɗin tunda ya daɗe yana aiki lafiya. Na sa foreign export ccall don C ya iya kiran Haskell ɗin, GHC, wato kwamfailan Haskell, ya fiddo man fayil ɗin _stub.h na jawo shi cikin C, na haɗa da -no-hs-main komai ya hau. Buhun farko rasit ya fito tsaf, ana ɗora na biyu sai manhajar ta rufe kanta. Jiya har layi ya taru aka koma littafi da biro, abin ya dame ni sosai don ni na ce ma kawu a gwada. Mi nike yi ba daidai ba?

Badauri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina ka aje hs_init da hs_exit, masu kunna injin Haskell da kashe shi? Ina kyautata zaton cikin fankishin ɗin lissafin ka sa su, duk buhu ka kunna ka kashe. To C shi kaɗai yake tafiya, amma Haskell da injinshi yake zuwa, wanda ke raba ƙwaƙwalwa yana kwashe shara, kuma a GHC in ka kashe injin nan da hs_exit ba ya sake tashi sai an rufe manhajar gaba ɗaya an buɗe. Buɗe ta daga terminal ka gani, zai ma rubuta maka haka kafin ya fita. Ka maida hs_init farkon main sau ɗaya, hs_exit can ƙarshe lokacin tashi daga shago.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Wallahi yaya kamar kana gabana, haka na yi. Na zata kamar fayil ne a buɗe a rufe.

Maman Twins Layout:
Abin da Malam Badauri ya faɗa shi ne ciwon, amma tunda harkar kuɗi ce bari in ƙara maka don kar ka gyara wannan wani ya ɓullo. Na farko ka duba irin lambar da kake miƙawa. Int na Haskell a kwamfutocin yanzu bit 64 ne, int na C kuma 32, iyakarshi 2,147,483,647, in da kwabo kake lissafi naira miliyan 21 da ɗoriya kenan, kuma ka san mai hatsi lokacin kaka bashin dillali guda zai iya wuce nan, sai ka ga lamba ta juye ta koma ƙasa da sifili ba tare da wani gargaɗi ba. Sa Int64 can, int64_t nan, kar ka kusanci Double a kuɗin mutane.

Sai rubutu. String na Haskell ba ya tsallakawa C haka nan, sai ka maida shi CString da newCString, kuma wannan mai kwashe shara ba ruwanshi da shi, kai za ka yi free bayan an buga rasit, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta dinga cika a hankali har yamma. In kuma littafin bashin gaba ɗaya kake so C ya riƙe maka tsakanin buhu da buhu to sai StablePtr, wato manunin da ba ya canzawa, saboda GHC yana matsar da kaya daga wuri zuwa wuri in yana shara, in ka gama ka sake shi da hs_free_stable_ptr.

Wanda ya fi ci man rai lokacin da nike koyo shi ne lalacin Haskell, ba ya lissafi sai an matsa mai, sai kuskure ya fashe wajen da ba ka zata ba, kuma in ya tsallake ba a kama ba duk manhajar yake kayarwa. Ka naɗe aikin cikin try da evaluate, in ya ƙi ka maido ma C wata lamba ta daban, yaron shago ya ga saƙo ya sake ɗora buhun.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Alhamdulillahi, na maida su main, buhu goma sha biyu na gwada bayan azahar ko ɗaya bai faɗi ba. CInt na sa ashe, Hajiya, yanzu zan canza shi kafin a shigar da tsohon bashi. Allah ya saka maku da alheri ya ƙara ilimi.