Neman shawara: aikin abokina ne ya faɗo hannuna in ba shi maki

Ɗalibi daga Garin Malam:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Kwana uku ke nan wani abu yana ci mini rai, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin labarin ƙasa a nan Damagaram. Mu huɗu muka shiga wani kwas na wata shida da wata jami'ar waje take bayarwa ta intanet a kan jirage marasa matuƙi, wato dron: yadda suke tashi, dokokin sararin sama, da yadda ake haɗa taswira da hotunan da suka ɗauko. Tsarinsu shi ne kowa ya rubuta aikinsa, a ɓoye sunaye, a raba wa ɗalibai su duba na juna, su ba da maki a kan 20 tare da dalili. Malami sai ya haɗa namu da nasa.

Aiki biyu aka turo mini. Na farko a kan kai jini asibitocin karkara ne, irin wanda Zipline ya fara a Ruwanda a 2016. Ya yi kyau, na gama da shi. Na biyun kuwa tun layin farko na gane na abokina ne da muka taso tare, don a kan ƙidayar itatuwan gawo ya yi, a gonakin danginsu wajen Matamai, hekta 300. Ya ce hotunan su hau kan juna da kashi 30 cikin ɗari kawai, alhali an koya mana 70 zuwa sama. Ya ce batir biyu sun isa. Ya sa tashin da tsakar rana a watan Afrilu. Maganar izinin tada dron kuma ko kalma ɗaya bai yi ba.

A lissafina ba zai wuce 8 ba. Ga shi yana neman burs, wato tallafin karatu, kuma makin nan zai shiga takardunsa. Mahaifiyarsa ce ta riƙe ni shekara biyu lokacin da aka yi wa babanmu canjin wurin aiki. In ba shi 12 in yi shiru, ko in rubuta abin da na gani? Sannan don Allah, wannan karatu yana da gaba a ƙasarmu?

Mai awon filaye, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar zumunci, mu fara da lissafi, don mai duba aikin wani shi ma yana iya kuskure.

Ɗauki dron mai farfela huɗu irin Phantom 4 Pro. A tsayin mita 100, hoto ɗaya yana cin faɗin kusan mita 150, kowane ɗigo na hoton kuma kusan santimita 3 ne a ƙasa. In hotunan layukan tashi za su hau juna da kashi 70, tazararsu mita 45 ke nan. Raba hekta 300 da wannan, za ka samu tafiyar kusan kilomita 67. A gudun mita 10 cikin daƙiƙa, ya kusa awa biyu a sama. Minti 30 na batir ɗaya da aka rubuta a kwali ba ka samunsu a fili. Ka ƙirga 20, don dole ka bar na dawowa. Batir shida ke nan, ni bakwai zan ɗauka. Abokinka da kashi 30 ya yi lissafi, ya kuma yarda da kwali, shi ya sa ya ga biyu sun isa. Ka ga kuskuren guda ne, ya haifi na biyu. Kar ka yanke masa maki sau biyu a kansa.

Kashi 30 ɗin kam ba ya yafuwa. Manhajar da ke haɗa taswira tana neman abu guda ne a cikin hotuna da yawa kafin ta ɗinke su. Gona a rani yashi ne zalla, ko'ina kama da ko'ina, in hotunan ba su hau juna sosai ba taswirar ramuka za ta fito.

Amma a kan lokaci, ka sake dubawa. Gawo da rani yake ganye, da damina yake kakkaɓewa, saɓanin sauran itatuwa. Wanda ya zaɓi rani don ƙidayar gawo ya san gona, domin koren kansa yana fita fes a kan farin yashi. Tsakar rana ma tana da hujja, inuwa gajera ce, ba za a ƙirga inuwa a matsayin itace ba. Matsalar zafi ce. Afrilu a nan yana haura digiri 40, kuma yawancin ƙananan dron iyakarsu ke nan, batir yana iya kumbura. Da ni ne sai in ce masa ya koma Disamba ko Janairu, ranar da ba hazo, wajen ƙarfe 11. Wannan tunanin nasa ya cancanci maki, kai kuma ka lissafa shi cikin laifi.

Ɗan Birni:

Ni dai a ganina ka ba shi 12 ka rufa masa asiri, daga baya ka ja shi gefe ka gyara masa. Burs ba kullum take zuwa ba, kuma hallacin uwarsa ya fi maki huɗu.

Yayarku ta Zango:

Ɗan Birni, na fahimci tausayinka, amma ban yarda ba. Na yi aiki da manoma a Mirya da Magarya, na ga yadda mutanen gari suke firgita in abu ya bi ta kansu yana ƙara ba a sanar da su ba. A halin tsaron da muke ciki, yaro ya tafi ƙauye ya tada dron ba takardar ANAC, wato hukumar jiragen sama ta ƙasa, jami'an tsaro ba su sani ba, maigari bai sani ba, ƙwace jirgin shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi. In wannan uwa da ta riƙe ka ta ji cewa ka ga ramin ka yi shiru, kana jin za ta gode maka? Ka rubuta masa sakin layi guda a kan izini: hukumar jiragen sama, jami'an tsaro, sarakunan gargajiya, da masu gonakin. Ya kuma nuna cewa wurin ya yi nesa da filin jirgi kuma ba zai wuce mita 120 ba, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa.

Tsohon mushe, mai ritaya:

Ɗana, shekara talatin da wani abu na yi ina riƙe jan biro, har ƴaƴan ƴan'uwana na gyara wa takarda. Abu na farko, rubuta wa malaminku yau ka ce ka gane mai aikin. Ba tona asiri ba ne, amana ce. In ya karɓe aikin daga hannunka, ka huta. In ya ce ci gaba, ka bi ma'aunin da ya ba ku layi-layi, ka manta da fuska.

Na biyu, yadda za ka faɗa. Kar ka rubuta "wannan kuskure ne" ka wuce. Fara da abin da ya dace, sa'annan ka jera masa lissafin da yayanka mai awo ya yi, har ya ga batir shidan da idonsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na kuma lura da wani abu: tsoron kar a ce ka yi son kai ya sa ka tsananta masa fiye da yadda za ka yi wa baƙo. Wannan ma rashin adalci ne.

Yayarku ta Zango:

Na manta tambayarka ta biyu. Tuƙin dron cikin makonni ake koyonsa. Abin da ake biya shi ne abin da ka fitar daga hotunan: taswirar unguwannin da ruwa yake ci, yadda rairayi yake cinye kwarurrukan Gure, adadin ramukan rabin wata da aka haƙa a fako. Don haka ka riƙe labarin ƙasarka da kyau, ka ƙware a manhajojin taswira QGIS da OpenDroneMap, kyauta ne. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET ta fannin noma da yanayi, da makarantar EAMAC ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama a Afirka, in harkar jiragen sama kake so, akwai kuma kamfanin Drone Africa Service na ɗan ƙasa. A Malawi UNICEF ta buɗe makarantar dron a 2020 don matasan Afirka. Ranar da tsohon masallacin Birni ya rushe da ruwan Satumban 2024, na yi kuka, na kuma yi ta tunanin sauran gine-ginen ƙasa na Birni da ya kamata a ɗauki siffarsu ta kowane ɓangare tun suna tsaye. Ku ne za ku yi wannan.

Ɗalibi daga Garin Malam:

Allah ya saka da alheri, Baba mushe, Yaya, da kowa. Na rubuta wa malamin, ya ce in ci gaba, kuma duk wanda aka yi wa gyara yana da mako guda ya sake turo aikinsa. Na sake dubawa da ma'auni, ya tashi 11, don na mayar masa da makin zaɓin rani, na kuma haɗe kuskuren batir da na hotuna. Shafi biyu na rubuta masa. In sakamako ya fito zan je gidansu in gaya masa ni ne. Yaya mai awo, ko za mu iya zuwa tare ka nuna mana yadda kake tsara layukan tashi?

Mai awon filaye, Sabon Gari:

Ku zo Asabar bayan la'asar. Ku taho da kwamfuta, shi kuma ya zo da iyakokin gonakin.