Abin da dattawa suka ce kan tunawa da tsohon soja

Bayan sadakar bakwai ta wani tsohon soja a Tudun Wada, an zauna a ƙofar gida ana tattauna yadda iyalinsa za su riƙe sunansa. Marigayin ya yi horo a Depot ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sannan ya dawo ya tarbiyyantar da 'ya'yansa.

Shawarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta takardu. Wani abokin aikinsa ya ce wa babban ɗan: "Ɗana, ka haɗa takardar sallamarsa da lambar aikinsa da shaidar rasuwa wuri guda, domin Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ba ta sauraron magana da baki." Ya ƙara da cewa a sanar da reshen Nigerian Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, kada ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta zo a manta da iyalin. Ni ma na ga gidajen da suka yi shekaru suna zirga-zirga saboda takarda ɗaya da gara ta cinye.

Liman ya ja kunne cewa a biya basussuka kafin a taɓa gado, a kuma kula da Hajiya cikin takabarta ta wata 4 da kwana 10. Ya fi son a haƙa rijiya da sunan marigayin fiye da buga kalanda, ko da yake matasa ba su ji daɗin wannan ba.

Wata ƙanwar marigayin kuma ta roƙi jikoki su ɗauki muryoyin abokansa a waya tun suna raye, saura uku kacal a unguwar.